Habiba Ta Zama Manjo, Malam

Unguwar Sih, Madina

Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da na saba, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinka, Ya sa ka cikin waɗanda Ya yarda da su. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Babu wanda zan ba wa ya kai maka, ko na gama ma a akwati zan ajiye ta. Amma fiye da shekara talatin na yi ina kawo maka labari kafin in kai wa kowa, har yanzu kuma idan wani abu ya faru, kai nake fara waiwayawa in nema. Shi ya sa na ari biro a wurin jikarka, na zauna bakin tagar nan inda kake shan shayi bayan la'asar.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya.

Muna nan lafiya a gidan da ka bar mu. Babban ɗanka Abba yana nan da aikinsa na gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Aziziya, idan zafi ya shigo ba ma ganinsa sai an yi isha'i. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, a kansa take yanzu, shi yake sabunta mini ita, bai taɓa bari lokacinta ya wuce ba. Ya yi jiki, furfura ta fara fito masa a gemu. Wani lokaci idan ya yi gyaran murya a bakin ƙofa sai in ɗauka kai ne. 'Ya'yansa sun girma. In yi musu Hausa, su amsa mini da Larabci. In ce wa ƙaramar ta miƙo mini ludayi, ta ce tayyib ya sitti, ta kawo mini cokali. Na daina faɗa, sai dai in yi dariya.

Gonar dabinon nan ta unguwar Awali da ka yi wa tuƙi, an sayar da rabinta, gine-gine sun tashi a wurin. Tsohon mai gonar ya rasu ba da daɗewa ba bayanka. 'Ya'yansa ba su manta da mu ba, duk sanda ɗanyen dabino ya nuna sai sun aiko mana da kwali. Abokinka Malam Idi na Maraɗi ya koma gida gaba ɗaya, idonsa ya yi rauni. Hajja Sa'adiya, maƙwabciyarmu 'yar Sudan, tana nan, gwiwa ta matsa mata, tare muke jan ƙafa zuwa Harami ran Juma'a. Ni kuwa hawan jinin nan ne, ina shan magani, alhamdu lillahi.

To, ga babban labarin. 'Yarka Habiba ta shiga soja, Malam. Ba shiga kawai ba, yanzu haka Manjo ce.

Na san da kana nan za ka ajiye kofin shayi ka dube ni. Bari in bi maka shi daga farko.

Ka bar ta tana aikin nas a wani asibiti a Ingila, ita da mijinta Kabiru da ɗansu na fari. Bayan rasuwarka ta haifi mace, suna kiranta Amal. Yarinyar tana rarrafe ne Habiba ta kira ni a waya wata rana da hantsi, ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi kowa har da kyanwar Hajja Sa'adiya. Ka san halinta, idan ta ja gaisuwa to akwai magana. Sannan ta ce mini za ta shiga soja. Ta ce ba irin wanda na sani ba ne, na zaman bariki. Na ko-ta-kwana ne. Tana nan a asibitinta tana aikinta, a gidanta take kwana, sai dai wasu ranakun Asabar da Lahadi ta tafi horo, a shekara kuma a kwashe su zuwa daji na ɗan lokaci. Idan buƙata ta taso sai a kira ta. Ta ce saboda karatunta da shekarun da ta yi tana jinya, ba a kurtu za ta fara ba, hafsa za a ba ta. Ta ce Kabiru ya yarda, saura ni.

Ban ce mata e ba, ban ce mata a'a ba. Na ce Allah Ya zaɓa mafi alheri, na ajiye wayar, na zauna ina kallon bango.

Ka san abin da na gani a bangon? Barikin Kaduna. Lokacin da aka kwashe ku zuwa Laberiya, Abba yana aji ɗaya, Habiba tana goye. Kai kana can kana ɗaukar masu rauni, mu muna nan muna jira. Ba ka taɓa tambayata yadda jiran nan yake ba, ni ma ban taɓa faɗa maka ba. Idan motar hafsa ta shigo layinmu da rana, duk macen da ke wanki sai ta tsame hannunta, duk mai daka ta tsayar da taɓarya, mu zuba ido mu ga ƙofar wa za ta tsaya. Ranar da ta tsaya a ƙofar Maman Ngozi, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ni na riƙe mata 'ya'yanta kwana da kwanaki, ina ba su tuwo ina kallon nawa. Ranar da ka ajiye kaki, kai ka ninke rigar ka shafa ta ka saka a akwati. Ni kuwa na shiga kicin na toya waina, na raba wa layi duka. Ka ɗauka sadakar dawowarka ce lafiya. Har da ita, amma mafi yawanta murna ce ta na rabu da soja har abada. Ashe ban rabu ba.

Da labari ya bazu a nan, ka san mutanenmu. A wata walima a Aziziya na ji mata suna magana ƙasa-ƙasa, wai 'yar Kofur ta zama sojan Nasara, wai mace da wando da takalmin maza. Wata ta zo har gabana tana yi mini jaje kamar an yi mutuwa. Hajja Sa'adiya ce ta juyo ta ce mata, khalas ya hajja, yarinyar nan allura take yi ba harbi ba, ranar da ɗanki ya faɗi a hanya ba za ki tambayi wandon mai ɗaga shi ba. Abba shi ma abin ya dame shi, har ya je ya sami wani malami bayan sallar magariba ya tambaye shi. Malamin ya ce masa a garin nan namu, tun zamanin farko, mata sun kafa tanti sun yi jinyar waɗanda aka raunata, abin da ake nema dai ta tsare sallarta da suturarta da niyyarta. Daga nan Abba ya saki jiki. Ni dai ban saki ba, amma na bar abin a cikina.

Ta sha wuya a horon, Malam. Takan kira ni ta ba ni labari tana dariya, ni kuwa ba na dariya. Ta ce sanyin dajin ƙasar har cikin ƙashi yake shiga. A ɗora mata jaka mai nauyin buhun gero a ce ta yi gudu, ta yi rarrafe cikin taɓo, ta kwana a ƙasa. A cikin waɗanda suka shiga tare ita ce babba, wasu ma ta girme su nesa ba kusa ba. Gwajin gudu na farko ta faɗi, ita ce ta ƙarshe. Ta koma gida tana tashi bayan asuba tana zagaya unguwa, Kabiru yana riƙe da yara, har ta sake ta ci. Sun ba ta ɗan hijabi mai kalar kakin, a kansa take ɗora hula. Ta ce abu ɗaya ne ba wanda ya koya mata, goge takalmi. Wai hannunta da kansa ya tuna yadda kake zama a bakin ƙofa ran Juma'a kana goge naka, ka hura masa iska ka sake gogewa, alhali motar dabino za ka tuƙa.

Da Laftana ta fara. Ta turo hoto, taurari biyu a kafaɗa, ta ƙame kamar an dasa ta. Na daɗe ina kallon hoton nan. Goshinka ne, Malam, da tsayuwarka. Na nuna wa Hajja Sa'adiya, ban nuna wa kowa ba bayan ita. Lokacin annobar nan da aka rufe Harami, muka zauna a gida muna jin kiran salla babu damar zuwa, an kira su Habiba aiki, ta yi watanni ba ta rungumi 'ya'yanta ba, ta gilashin taga suke gaisawa. Bayan nan ta zama Kyaftin. Manjo kuwa bai zo da sauƙi ba. Sai da ta yi kwas, ta yi jarrabawa, karon farko aka tsallake ta aka ba wani. Ta kira ni ranar muryarta a sanyaye, na ce mata ubanta ma an tsallake shi a Saje har sau biyu, bai fasa goge takalmi ba. Bana aka ba ta. An cire taurarin an sa mata ɗan kambi guda. Yanzu nas-nas da yawa suna ƙarƙashinta, idan an kafa asibitin tanti ita ke riƙe da ɓangare guda.

Kai da ka yi shekaru goma sha kana bauta, igiya biyu ka samu. Da kana raye, da ta shigo falon nan, kai za ka miƙe ka ƙame mata. Za ka yi? Na san za ka yi. Za ka yi da gaske, ƙafa a haɗe, hannu a goshi, sannan ka ce Manjo a kawo wa Kofur ruwa.

Watan jiya ta zo. Ta yi umara, ta iso Madina ita kaɗai, ta sauka a wurina. Muna kicin ina kaɗa miyar kuka tana tuƙa tuwo, sai na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce Habiba, ke da kike da aiki, da miji, da 'ya'ya, me kika rasa da kika je kika nemi kaki? Ta rage wuta, ta ce Umma, Baba ne.

Ta ce a makonninka na ƙarshe, da ta baro aikinta ta zo ta yi jinyarka lokacin da ƙodarka ta gaza, idan na fita kasuwa da safe kakan ba ta labarin Laberiya. Ta ce ka ba ta labarin wani yaro soja ɗan Bauci da aka harba a cinya. Kai da wani kuka ɗauko shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, kuka yi tafiya mai nisa cikin ruwan sama har tantin asibiti. Kuka tarar da nas guda ɗaya, wata Kyaftin, masu rauni sun kewaye ta. Ta duba yaron, ta ba ka tsumma ta ce ka danne wurin da ƙarfi, tana zuwa. Ka danne. Yaron yana yi maka maganar gonar ubansa, kana ce masa ga ta nan zuwa. Kafin ta gama da wanda ke hannunta, ya cika a naka. Habiba ta ce ba ka zargi matar ba, ka ce ba ka taɓa ganin mai aiki kamarta ba. Abin da ka ce kawai shi ne, da nas ɗin su biyu ne, da yaron nan ya ga gonar ubansa. Ta ce maganar nan ta bi ta har Ingila, ta zauna mata a rai, har ta je ta nemi takardar shiga.

Malam, me ya sa ni ba ka taɓa ba ni wannan labari ba? Shekara nawa muna kwana ɗaki ɗaya? Ba fushi nake ba. Na san ka ga yadda na rame kafin ka dawo, ka ce wannan ta ɗauki rabonta. Amma da ka faɗa mini, da na gane abin da ya sa tun dawowarka ba ka sake yanka ragon layya da hannunka ba, kullum sai ka nemo wani, kai ka tsaya can gefe kana kallon sama. Na ɗauka tausayin dabba ne. Ina ma na sani, da ko ruwa na miƙo maka a lokacin.

Da muka gama cin abinci ta faɗa mini abin da ya kawo ta. An kira ta. Za a kai su wata ƙasa a Afirka inda faɗa ya kori mutane daga garuruwansu, za su kafa asibitin tanti, za ta yi kusan rabin shekara. Ta ce wurin ba bakin daga ba ne, amma ba ta yi mini ƙarya ta ce babu haɗari ba. Kabiru aikinsa na canji ne, yau safe gobe yamma, yaran kuma ba su kai su riƙe kansu ba. Tana so in je Ingila in zauna da su har ta dawo. Ta ce idan ba zan iya ba, ba za ta ga laifina ba, za su nemi mai aiki. Ta ce tana iya roƙo a ɗaga mata, amma idan aka ɗaga, wata ce za a tura, kuma wadda ke bin ta a layi jaririnta bai daɗe da yaye ba.

Ba jirgi nake tsoro ba, ba kuma sanyi ba. Ka san abin da nake tsoro. Tun ranar da aka kai ka maƙabartar Baƙi'a ban sake kwana a wajen Madina ba, in ban da Makka. Ko bikin 'yar ƙanwata a Zariya ban je ba, na aika da kaya na ba da haƙuri. Kullum addu'ata ita ce ajalina ya same ni a garin nan, a sallace ni a Harami, a kai ni inda aka kai ka. Na haura sittin, ga hawan jini. Idan na tafi rai ya yi halinsa a can fa? A sa ni cikin ƙasa mai sanyi, tsakanin mutanen da ban sani ba, kai kana nan ni ina can? Abba da ya ji bai so ba. Ya ce Umma, mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su ƙarasa kwanansu a nan, ke kuma da Allah Ya ajiye ki a ciki za ki fita. Habiba ta sunkuyar da kai, yayanta ne.

Na kai wa Hajja Sa'adiya maganar. Tana zaune tana shafa wa gwiwarta mai, ta saurare ni har na gama. Ta ce Rabi, ni jikokina suna can, yaƙi ya watsa su, wasu ma ban san garin da suke ba. Wallahi da za a ce yau in je in riƙe su, ko takalmi ba zan tsaya nema ba. Ta ci gaba da shafa manta.

Ana gobe Habiba za ta koma, ta ce in raka ta ta yi maka sallama. Muka yi sallar asuba a Harami, muka jira rana ta ɗan ɗaga, muka taka zuwa bakin katangar Baƙi'a. Ka san mu mata ba ma shiga. Muka tsaya a wajen ƙarfen muna leƙe. Tattabaru sun cika wurin. Babu suna a kan kabari ko ɗaya, ƙasa ce da duwatsu, kowa kamar kowa. Abba ya taɓa nuna mini ɓangaren da kake, can wajen gabas, shi nake fuskanta kullum, amma in faɗa maka gaskiya ban san wanne ne naka ba. Habiba tana cikin baƙar abaya kamar kowace mace a wurin. Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan ƙyallen nan na kafaɗa mai kambi, ta riƙe shi a tafin hannu, ba ta ɗaga shi sama ba. Ta ce a hankali, Baba, na zama Manjo, kuma an kira ni. Ta mayar da shi jaka, ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a mai tsawo. Ba ta yi kuka ba sai da muka juya.

A tsaye a wurin nan na yi tunani. Ranar da ka hau motar zuwa Laberiya, wa ya yi maka alkawarin inda za a binne ka? Ba ka sani ba, ka tafi. Kai da ka ratsa harsashi, Allah Ya ajiye ka har Ya kawo ka nan. Maman Ngozi ko gawar mijinta ba ta gani ba. Ashe ba zaman mutum ne ke zaɓa masa wuri ba. Sannan na tuna wani abu. Aikin da yarinyar nan take roƙona, ai na san shi, na taɓa yin sa. Na san abin da ake ce wa yaro idan ya tambaya yaushe za a dawo. Na san yadda ake kashe rediyo kafin labarai ba tare da yara sun lura ba. Na san yadda uwa ke cin abinci a gabansu ko ba ta jin yunwa, don su ma su ci. Mai aikin da za a ɗauka za ta yi musu wanka ta kai su makaranta, amma wannan ba ta san shi ba. Ni na koye shi a bariki, kuma na ɗauka ba zai sake yi mini amfani ba.

Muna tafiya a farfajiyar Harami, an fara buɗe manyan laimomin nan na inuwa, na ce mata ta aiko da takardun. Ta tsaya ta dube ni, ta kama hannuna ta sa a goshinta, mutane suna wuce mu. Na ce ta sake ni, ana kallonmu. Da yamma na sami Abba na ce masa na yanke shawara. Ya ce to Umma, Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke. Washegari shi da kansa ya fara bin maganar bizar fita da dawowa.

Yanzu komai ya kammala. Biza ta fito. Abba ya kai ni kanti ya saya mini wata rigar sanyi mai kauri, na gwada ta a kan abaya, jikokinka suka yi ta dariya har da faɗuwa, wai na zama katifa. Na ɗaure kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, matar Abba tana cewa za a ƙwace a filin jirgi, na ce a bari su ƙwace da kansu. Na sa dabinon ajwa kwali biyu. Habiba ta ce yaran ba sa jin Hausa sosai, Larabci kuwa ko kaɗan, ni kuma Turancina na bariki ne, ya tsufa. Za mu san yadda za mu yi. Na yi niyyar kafin uwarsu ta dawo su iya gaisuwa, su iya Fatiha da kyau, su kuma san kakansu Kofur ne, mai ɗaukar masu rauni. Zan ba su labarinka wanda ya dace da kunnensu. Sauran, idan sun girma, uwarsu ta ba su.

Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu gabana yana faɗuwa saboda ita. Duk sujadar da na yi sai na ambace ta. Amma ba irin faɗuwar da ba ce. A da ina jiran wanda aka ɗauke mini ne, ban san abin da yake yi a can ba. Yanzu na sani. Wani yaro zai iso tantin nan a kan kafaɗar abokansa, ya tarar da nas fiye da ɗaya, kuma ɗaya daga ciki tamu ce.

Jibi jirginmu zai tashi, in Allah Ya yarda. Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa yin tafiya ba sai na durƙusa na nemi izininka, ko Zariya ce kuwa. To, ga shi ina nema, Malam. Na san da kana nan za ka shafa gemu, ka tambaya ko na sa maganina a jaka, sannan ka ce in gaida yara. Na sa maganin. Zan gaishe su.

Idan na dawo, zan zo bakin katanga in ba ka labarin yadda aka yi, da bakina. Idan kuma ban dawo ba, kada ka ce na guje ka. Wanda Ya haɗa mu a Kaduna, Ya kawo mu Madina, Ya san inda zai sake haɗa mu.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya tsare mana yarinyar nan. Sai wata rana.

Taka,
Rabi, matar Kofur, uwar Manjo